Babi na Shida: Bindigar da Ba Ta Cin Albarushi

A tsofaffin gidajen Tudun Wada, duk ranar da aka tashi rabon gado ko gyaran ɗakin wani dattijo da ya kwanta dama, akwai kayan da kan fito waɗanda ba mai iya tuna ranar da suka shigo gidan. Akwatin ƙarfe mai zanen furanni, agogon bango da ya daɗe da yin shiru, keken ɗinki na Singer, garmaho. Wani lokaci kuma sai a jawo wata doguwar aba naɗe cikin tsumma daga bayan gado. Idan aka kwance sai a ga bindiga ce, siririya, ramin bakinta ƙanƙane wanda ko fensir ba zai shiga ba. Manya su ce ta harbin tsuntsu ce, yaran makaranta su ce bindigar iska. Idan ka tambayi daga ina ta fito, amsa ba ta wuce biyu: ko a ce ta Bature ce, ko a ce 'yar Jamus ce. A bakinmu duk ƙarfen da ya ƙi mutuwa ɗan Jamus ne.

Ba banza ba irin waɗannan kaya suka taru a wannan unguwa. Turawa sun kama Zariya a 1902, layin dogo ya iso a 1911, daga nan garin ya rabu gida-gida. Birni na masu gari ne, Sabon Gari na 'yan kudu da ma'aikatan reluwe, Bariki na Turawa. Tudun Wada kuwa, da ke tsakanin Ƙofar Doka da rafin Kubanni, ya zama mazaunin baƙi 'yan Arewa masu cin albashi: malaman ofis, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, direbobi, kuku-kuku, tsofaffin soja. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 yana gefe, makarantar koyon aikin mulki tana Kongo, asibitin koyarwa ya yi shekaru a nan kafin ya koma Shika, barikin horar da kuratan soja kuma yana garin tun 1924. Ƙetaren rafi a da akwai kantunan John Holt da UAC da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis, wanda har yau sunansa ke kan unguwar PZ. A wancan zamani mutumin Tudun Wada shi ne wanda ke aiki kafaɗa da kafaɗa da Bature, shi ke jin ranar da zai tafi gida, shi ke fara sayen abin da ya bari.

Kafin a kai ga tambayar ƙasa, sai an fara tabbatar da irin bindigar. Wadda muka gada a ƙasar Hausa ita ce harba-ka-ruga, ta maharba da ta 'yan bindigar sarki da ke cika Hawan Sallah da hayaƙi. Ana ɗura mata albarushi ta baki, a danna da sanda. Ta yawaita ne saboda yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigo wa mafi yawan Afirka da bindigogin zamani, ta bar mana irin wannan. Bindigar iska ba ruwanta da wuta. Wanda ya san famfon keke ya san rabin aikinta: bututu ne, a cikinsa fistan mai fata a goshi, a bayansa sifirin mai ƙarfi. Idan ka karya bakin bindigar ƙasa, ka matse sifirin ke nan har kunama ta riƙe shi. Ka sa ƙwayar dalma guda ɗaya, ka rufe. Da ka taɓa kunama sai fistan ya zabura, ya matse iskar da ke gabansa, ta bi ta wani ɗan rami ta fitar da dalmar. Akwai masu tara iska a tanki ta hanyar yin famfo, akwai masu aiki da ɗan kwalban gas, amma mafi yawan tsofaffin da ake samu a gidajenmu masu sifirin ne.

Kada a raina ta da tsufa. Mafi daɗewa da ta rage a duniya tana gidan ajiyar makamai na sarakunan Suwidin a birnin Stockholm, an ƙera ta wajen 1580. Sojojin Ostiriya sun riƙe bindigar iska ta Girandoni tun daga 1780, mai ɗaukar harsashi kusan 20 a lokaci guda, tankin iskarta a gindi, wanda sai an buga famfo wajen sau 1,500 yake cika. Irinta ce ayarin Lewis da Clark suka ratsa Amurka da ita daga 1804 zuwa 1806, suna nuna wa mutanen da suka tarar a hanya. Waɗannan sai gidan tarihi. Na kawo su ne don mai bindiga a bayan gado ya san abin da ke hannunsa yana da dangi da asali, ya cancanci a duba shi a tsanake.

Wani dattijo a layinmu ya taɓa aiko jikansa ya kira ni bayan la'asar, don ya ji ana cewa ina bin diddigin tsofaffin kaya. Na same shi a zaure kan buzu, bindigar kwance a kan tabarma gabansa. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ta mahaifinmu ce. Da ita ya dawo daga yaƙin Bama. Yara na so su kai ta wa masu sayen ƙarfe, na ce a bari tukuna a ji ko 'yar wace ƙasa ce."

Na ce, "To, Baba, Allah ya jiƙan magabata. A ba ni izini in juya ta."

Baƙuwar halitta ce kam. Ƙarfen ya yi ja da tsatsa, amma sumul yake, ba rami-rami. Katakon gindin ja ne wur, mai nauyi, an yi masa ado da ƙusoshin farin ƙarfe irin na sirdi, an naɗe wuyansa da jar fata, har da laya ɗinke a jiki. Saitin baya ya ɓace, an like wani guntun ƙarfe da walda a madadinsa. Wanda ya kalle ta daga nesa zai rantse aikin maƙeran gida ce. Jikan har ya ɗauko samfefa zai goge mini ita don in ga rubutu, na riƙe hannunsa. A nan ne mafi yawan mutane ke kashe shaidarsu da kansu. Rubutun da ke kan irin waɗannan bindigogi ba shi da zurfi, wani ma ba a buga shi da guduma ba, da ruwan asid aka zana shi, gugar minti biyu ta isa ta share shi har abada. Abin da ake yi shi ne a ɗiga man keken ɗinki a tsumma mai laushi, a shafa a bar shi ya jiƙa, a share a hankali. Sai a kashe fitila, a haska tocilan daga gefe, kwance da ƙarfen, yadda kowane ɗan tsagi zai yi inuwa. Idan haruffa sun fara leƙowa, a goga musu alli, a share na sama da yatsa, farin ya zauna a cikin ramin.

Haka muka yi. A saman bututun, kusa da baya, haruffa shida suka fito: GECADO. Gaba kaɗan, MOD. 27. Dattijo ya sa jikan ya maimaita masa sunan sau biyu, ya girgiza kai, ya ce bai taɓa jin wata ƙasa ko wani kamfani mai wannan suna ba.

Yana da gaskiya, don babu masana'antar bindiga mai wannan suna. A nan ne babban tarkon yake, kuma shi ne dalilin rubuta wannan babi: sunan da ke jikin bindigar iska sau da yawa na wanda ya sayar da ita ne, ko na kasuwar da aka nufa da ita. Wanda ya ƙera ta sai an neme shi a cikin ƙirar.

Labarin ya faro ne daga garin Rastatt a kudu maso yammacin Jamus, inda kamfanin Mayer da Grammelspacher ya kafu a 1890, ya yi suna da bindigogin iska masu tambarin Diana: hoton wata mace, gunkiyar farauta ta Rumawa, ta yar da bakanta ƙasa ta ɗaga bindiga sama. Da Jamus ta faɗi a 1945, Rastatt ya faɗa yankin da Faransa ke riƙe da shi. Aka hana Jamusawa ƙera bindiga ko ta iska ce, aka kwashe injinan masana'antar a matsayin diyyar yaƙi. Kamfanin Millard Brothers na Birtaniya, wanda aka fi sani da Milbro, ya saye su har da sunan, ya kafa su a Carfin kusa da Motherwell a Sikotilan, ya shiga fitar da bindigogi masu suna Diana. Wajen 1950 aka sassauta wa Jamusawa, mutanen Rastatt suka sake tayar da masana'antarsu, sai suka tarar sunansu na hannun wasu a Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashin inuwarta. Dole suka riƙa sauya wa kayansu suna gwargwadon inda za su. Wanda za shi Ingila a buga masa Original. Wanda za shi Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen renon Ingila a buga masa Gecado, sunan kasuwanci da aka ciro daga na wani dillalin makamai Bajamushe, G. C. Dornheim. A Amurka kuwa bindiga guda ɗin nan mai lamba 27 ta fita da sunan Hy-Score 807, ta fita da sunan Winchester 427, daga baya wasu samfurorin suka fita da sunan RWS. Sai a farkon shekarun 1980, bayan Milbro ya rufe, sunan ya koma gidansu.

Dubi abin da wannan ya haifar. Shekara talatin cur ana ƙera Diana a ƙasa biyu. Wanda ya ga Diana a jikin tasa ya buga ƙirji ya ce 'yar Jamus ce, mai yiwuwa 'yar Sikotilan ce, in ya duba da kyau zai ga an rubuta Made in Great Britain. Wanda kuma ya ga Gecado ko Original ya ɗauka jabu ce aka kwaikwaya, shi ne ke riƙe da ta ainihi. Na sha ganin an yi wa mai kyau kallon banza saboda baƙon suna, an daraja ta kasa da ita saboda sananne.

Suna kaɗai bai isa a yanke hukunci ba, don haka muka nemi shaidu daga jikin ƙarfen. Na ce a kira mai gyaran keke na bakin layi ya zo da 'yan notuna da sukurorinsa. Duk bakaniken da ya daɗe a sana'a ya san notin tsohon keken Raleigh ba ya hawa kan ƙarfen babur ɗin Japan, don zaren Ingila na da a kan inci aka yanka shi, na Jamus da sauran Turai da Asiya a kan milimita. Muka kwance sukuru ɗaya na gefen katako, shi kaɗai, ya gwada. Na milimita ne. Sai ramin baki: tsofaffin bindigogin iska kusan duka ɗaya ne cikin uku, milimita 4.5 ko 5.5 ko 6.35, waɗanda Ingilishi ke rubutawa .177 da .22 da .25, tsofaffin 'yan Birmingham kuma su kira su lamba 1 da 2 da 3. Tamu an buga mata 4,5 da waƙafi a tsakiya maimakon ɗigo. Bature ɗan Ingila ba ya rubuta lamba haka, wannan hannun mutanen tsakiyar Turai ne. Muka ɗaga bakin muka leƙa ta cikinsa wajen hasken ƙofa, ga tsagi a murɗe tun daga gindi har baki, alamar ba ta wasan yara ba ce, don masu arha sumul ake barin cikinsu.

Shaida ta ƙarshe ita ta fi wuyar gani. A gefen hagu na bututun, can baya, dab da inda katako ya rufe, akwai wasu lambobi ƙanana da sai da muka ɗauke su hoto da waya muka buɗa hoton sannan suka karantu: 03 69. Tun daga wajen tsakiyar shekarun 1960 masana'antar Rastatt ke buga wata da shekara a wannan gurbi. Watan Maris na 1969 ke nan.

Akwai wasu alamomin da ke yanke shekaru ko da babu irin wannan lamba, kuma ya kamata mai bincike ya haddace su. Haruffan D.R.G.M. ko D.R.P. rajistar ƙira ce ta tsohuwar daular Jamus, wadda ta fara a ƙarshen ƙarni na 19 ta ƙare da yaƙin duniya na biyu, ko da yake an ci gaba da ganinta 'yan shekaru kaɗan bayansa. D.B.G.M. ta bayan 1949 ce. West Germany ba ta wuce tsakanin 1949 da 1990. Kalmar Foreign ita kaɗai, ba sunan ƙasa, ana yawan samunta a kan kayan Jamus da aka sayar a Ingila tsakanin yaƙoƙin duniya biyu, lokacin da sunan Jamus ba ya jawo ciniki. Harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar kuwa dokar Jamus ta Yamma ce ta 1970, mai nuna ƙarfin bindigar bai wuce jul 7.5 ba, don haka duk mai ɗauke da shi ba ta girmi wannan shekara ba. Wani abin lura kuma: bindigar albarushi ta Turai tana ɗauke da hatimin gidan gwaji, irin na Birmingham ko Landan ko Liège, 'yan ƙananan rawuna da sanduna a gicciye. Ta iska ba a saba kai ta gwajin nan ba. Idan ka ga irin wannan hatimi a jikin wadda ake ce maka ta iska ce, ka dakata, wataƙila abin da ke hannunka ya wuce yadda ake zato.

Da a ce tamu 'yar Ingila ce, da aikin ya fi sauƙi, don su ba su cika ɓoye suna ba. BSA na Birmingham, kamfanin da ya kafu a 1861 wanda iyayenmu suka fi sani da keke da babur, tambarinsa bindigogi uku ne a jingine da juna. Ya fara ta iska a 1905 bisa ƙirar Lincoln Jeffries, wadda bakinta ba ya karyewa: wani hannu ne a ƙarƙashi ake ja, a sa dalma ta wani ɗan famfo mai juyawa a sama. Bayan yaƙi ya fito da Cadet, sai Airsporter a 1948, sai Meteor a 1959, kuma haruffan da ke gaban lambar kowace suna nuna samfuri da zamaninta. Webley, shi ma ɗan Birmingham, ya fito da ƙaramar ta hannu a 1924 mai ƙirar da ba ta da sa'a: bakin yana kwance a kan bututu, ana ɗaga shi daga baya a tura gaba. Wadda ta fi rikita mutane ita ce tsohuwar ƙirar da ake kira Gem, ta ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, wadda sifirinta ke cikin wuya wajen mariƙi, jikinta sau da yawa fari da ruwan nikel, gindin bakinta mai kusurwa takwas. Asalin ƙirar daga Amurka ne, masana'antu da dama a Jamus da Beljiyam suka yi ta kwaikwayo, dillalan Ingila suka yi ta buga sunayensu a kai, wasu ma ba suna ko ɗaya. Wanda ya samu irinta a Zariya ya samu abin da ya girmi jami'ar Ahmadu Bello nesa ba kusa ba.

Daga shekarun 1960 zuwa 1980 kuma wata ƙofa ta buɗe. Jami'a ta kafu a 1962, malamai da likitoci da injiniyoyi suka zo daga Indiya da Pakistan da gabashin Turai, ɗalibanmu suka tafi karatu can suka dawo da kaya. Masana'antun gabashin Turai suna da nasu sunayen: Haenel daga Suhl a Jamus ta Gabas, Slavia daga Uherský Brod a Cekoslobakiya, Baikal daga Izhevsk a Rasha, da 'yan Hangari waɗanda wani kamfanin Landan ke sayarwa da sunan Relum, wani misalin na sunan dillali a kan aikin wasu. Bayansu sai 'yan Shanghai masu arha, B2 da B3, masu katako mai kaurin fenti ruwan lemo da ƙarfe mai kaushin gefe, da 'yan Indiya masu suna National waɗanda ƙirar Diana suka bi sawu da ƙafa. Waɗannan na ƙarshe su ne ke sa dole a haɗa shaida uku ko huɗu kafin a buɗe baki, don daga nesa ba ka raba su da ta Rastatt. Sai ka matso ka ga yadda aka gama aikin: gefen da aka goge ko aka bari da kaifi, haruffan da suka zauna a layi ko suka karkace, bakin da ke rufuwa da ƙara guda tsaf ko yake girgiɗi.

Saura katakon. Masana'antun Turai da wani farin itace mai ƙananan ɗigo-ɗigo suke yi wa irin wannan bindiga gindi, su shafa masa launi. Na dattijon nan maɗaci ne, kuma ga sawun gizago a cikin kwarin da ƙarfe ke kwanciya. Na asalin ya karye ko gara ta ci, wani masassaƙi ya auna ya fitar da sabo. Fatar wuya aikin dukawa ce. Da muka karya bakin, zoben da ke toshe iska a gindinsa ma ba na kamfani ba ne, an yanko shi ne daga fatar takalmi, an daidaita shi da wuƙa. Masu tara irin waɗannan kaya a Turai za su ce an ɓata ta, darajarta ta faɗi. Ni ban yarda da wannan ma'auni ba. Diana 27 da ke cikin kwalinta ba a taɓa ba suna da yawa a duniya. Wadda maƙeri da masassaƙi da baduku na Zazzau suka haɗu suka riƙe ranta shekara da shekaru, ba tare da littafin kamfani ko kayan gyara daga waje ba, ita kaɗai ce. Duk wanda zai rubuta asalinta ya rubuta Rastatt ya tsaya, rabin magana ya faɗa.

Abin da ya rage shi ne mai nauyi: yadda za a gaya wa mutum mai shekara sama da saba'in cewa bindigar da aka ƙera a 1969 ba ta je yaƙin da aka gama a 1945 ba. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 sun yi yaƙi a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, akasarinsu sun dawo gida a 1946, wannan ba a ja. Na ce, "Baba, zuwan mahaifinku Bama gaskiya ne, ga lambobin yabonsa ma kun nuna mini. Amma wannan ta zo hannunsa ne yana dattijo, lokacin yaƙin basasa ko bayansa." Ya yi shiru, yana jan carbi. Can ya ce a shiga ciki a kira masa yayarsa. Tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ta tsaya daga bakin ƙofa, aka maimaita mata. Ta ce ai ita ta sani. Wadda ya zo da ita daga soja tun suna yara hukuma ta karɓe. Wannan kuwa wani likita Bature da ya yi wa gadi ne ya bar masa da zai tafi, saboda jemagu da ke cinye musu mangwaro. Ba wanda ya taɓa tambayarta ne kawai.

Haka labarin gida yake yi. Ba ƙarya ake shirgawa ba, abubuwa biyu ne ke narkewa su zama ɗaya a bakin jikoki, ƙaramin ya shige cikin rigar babban. Shi ya sa nake fara sauraron labarin har ƙarshe in rubuta shi yadda aka faɗa, sannan in karanta ƙarfen, sannan in koma in nemi wanda ya fi kowa tsufa a gidan, musamman mata, don su ne ke ɗaki ranar da kaya suka shigo. Ƙarfe yana faɗin inda aka ƙera shi da lokacin. Hanyar da ya biyo har ya iso zaure kuwa sai mutane, ko wata tsohuwar takarda a ƙasan akwati: rasiɗin kanti, wasiƙar sallama daga maigida, ko littafin lasisi.

Zancen lasisi ba na wasa ba ne, kuma da yawa ba su san shi ba. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko na yaƙi ne, an haramta su sai da izinin shugaban ƙasa. Na uku su ne harba-ka-ruga da danginta, waɗanda ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar iska, doguwa ko ta hannu, tana kashi na biyu, layi ɗaya da bindigar farauta mai harsashi, kuma lasisinta daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Lasisin na mutum ne shi kaɗai, ba ya shiga rabon gado, kuma gyaran bindiga ma sai mai izini. A wannan zamani da hankalin kowa ke tashe, wanda aka tare a shingen bincike da doguwar aba cikin buhu ba zai samu sararin yin bayanin Rastatt da Sikotilan ba. Don haka kada a yi yawo da ita neman masani. A ɗauki hotuna a gida: dukan jikinta ta gefe biyu, kowane rubutu da alli a cikinsa, kunama, saiti, gindin baki a buɗe, da ma'auni a ajiye kusa don a ga tsawo. Hoton ya yi tafiyar. Batun riƙe ta ko miƙa ta kuma, babban gida ya je ofishin 'yan sanda da kansa ya yi bayani tun kafin wani ya yi masa.

Ko a cikin gida ma tana bukatar hattara. A ɗauka a ɗure take har sai an leƙa an ga haske ta cikin bakin, don dalma kan kwana shekara ashirin a ciki, kuma ƙwaya guda ta isa ta tsiyayar da idon yaro. Kada a harba ta ba dalma, fistan zai daki ƙarshen bututu ya farfasa fatarsa. Kada a ɗura mata baƙin mai ko fetur ta ramin iska, matsin yana kunna shi ya yi fashewar da ke karya sifirin. Idan an karya bakin, hannu ɗaya ya riƙe shi gam, yatsa kuma ya nisanci kunama, in ba haka ba bakin zai tashi da ƙarfi ya lanƙwashe, ya tsaga katako, ko ya datse yatsan mai sa dalma. Murfin baya kuwa, inda sifirin ke danne ko da ba a ɗana ba, kada wanda bai san aikin ba ya kwance shi, domin da ƙarfin da zai iya fasa fuska yake fitowa. Duk shaidar da ake nema don gane asali tana waje, sukuru ɗaya na gefen katako ya wadatar.